Motar lantarki ta kafa tarihi a filin tsere, in sayi hannun jarin kamfanin?

Autan Gwammaja:
Assalamu alaikum manyana. Tambaya gare ni, kuma gumina ne a ciki, don haka ku taimaka ku faɗa mini gaskiya.

Jiya da daddare na kalli bidiyon Xiaomi SU7 Ultra tana zagaye Nürburgring, filin tseren nan da ke cikin dajin Jamus. Kyamarar a cikin motar take. Kana ganin hannun direba a kan sitiyari, babu rurin inji ko kaɗan, sai wani siririn fito da kukan taya in ya karya kwana. Minti 7 da daƙiƙa 4 ta gama. Kamfanin da muka sani da waya ne fa, motarsa ta farko sai a Maris 2024 ta shiga kasuwa, ga shi ya je har gida ya sha gaban Porsche. Sau uku na maimaita bidiyon kafin in kwanta.

Shekara biyu ke nan ina ajiye wani abu daga albashina. Lissafina shi ne, wanda ya ƙera motar da ta fi gudu shi ya fi ƙwararrun injiniyoyi, kuma mai ƙwararrun injiniyoyi shi zai riƙe kasuwa gobe. To a wanne zan zuba? Xiaomi, Tesla ko Porsche?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a zo kan kuɗi, bari mu fara da abin da idonka ya gani, don ba ƙaramin abu ba ne.

Filin nan tsawonsa kilomita 20.8, kwana sama da 70, kuma tsakanin tudunsa da kwarinsa akwai kusan mita 300. Motar lantarki ba ta da matsalar tashi. Da ka taka totur ƙarfinta gaba ɗaya ya fito, ba jiran giya, shi ya sa a gajeren tsere kan miƙaƙƙiyar hanya take barin manyan motocin fetur a baya. Abin da ke kayar da ita biyu ne, nauyi da zafi. Batirin kaɗai ya haura rabin tan, motar duka ta wuce tan biyu, kuma duk kwanar da aka shiga taya da birki ne ke biyan kuɗin wannan nauyin. Shi kuwa zafi, in ka matsa wa batir minti uku, huɗu, sai ya ɗau zafi sosai, kwamfutar motar ta rage ƙarfi da kanta don kar ya lalace. Tsofaffin Model S na Tesla haka suka riƙa yi a wannan filin, su tashi kamar walƙiya, kafin a kai rabi sun yi laushi.

Wahalar Nürburgring kuma, doguwar miƙaƙƙiyar hanyarsa, wadda ta haura kilomita biyu, tana can kusa da ƙarshe. Wato sai batir ya gama galabaita sannan ake neman ya ba da duk abin da ke cikinsa. Motar da ta iso wurin da ƙarfinta cikakke, to masu ita sun iya sanyaya batir. Iyakar abin da agogon ya tabbatar ke nan, kuma ilimi ne babba.

Dubi yadda abin ya tafi. A 2019 Porsche Taycan ta yi minti 7:42. A 2021 Tesla Model S Plaid ta yi 7:35. Porsche ta dawo a 2022 da 7:33. Tesla ta sake zuwa a 2023 da 7:25. Sai Taycan Turbo GT ta sauko da shi 7:07. Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya kuwa tun 2023 ta yi 7:05. Xiaomi 7:04. Cikin shekara shida an zaftare kusan daƙiƙa 40.

Autan Gwammaja:
To ai Yaya maganata ka ƙarfafa.

Injiniya:
Rabinta na ƙarfafa. Ɗaya rabin na bar wa Hajiya, ita ce ta san takardun kamfanoni.

Hajiya Akanta:
Auta, ɗauki Porsche ɗin da ka ambata, don babu misalin da ya fi shi. An fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Frankfurt a Satumba 2022, kan Yuro 82.50 kowanne. A farkon 2024 aka sanar da zagayen nan na 7:07, duniya ta yi ta tafi. A wannan shekarar dai ta 2024, cinikin Taycan ya faɗi da kusan rabi, kuma cinikin Porsche gaba ɗaya a China ya ragu da kashi 28 cikin ɗari. Zuwa 2025 hannun jarin ya sauko ƙasa da Yuro 50, a watan Satumba aka cire kamfanin daga DAX, jerin manyan kamfanoni 40 na Jamus. Motar ba ta rage gudu ba ko da daƙiƙa ɗaya. Masu saye ne suka ragu, ga harajin shigo da kaya na Amurka, ga kamfanonin China suna ba da irin wannan gudun a farashin da bai kai rabi ba.

In ka sayi hannun jari, ba motar ka saya ba. Ka sayi rabo ne a ribar kamfanin, da bashinsa, da rigimarsa da ma'aikata, da shari'o'in da ke kansa, da duk hukuncin da shugabanninsa za su yanke ba tare da sun tambaye ka ba. Na Porsche ma da aka sayar wa jama'a, irin wanda ba shi da ƙuri'a ne a taron masu kamfani.

Mai Tesla:
Hajiya, da girmamawa, kin zaɓi misalin da ya yi miki daɗi ne. Me ya sa ba ki kawo Tesla ba? A Yunin 2010 dala 17 aka sayar da hannun jarinsa. An raba kowane ɗaya gida biyar a 2020, aka sake raba shi gida uku a 2022, wato mai ɗaya ya zama mai 15. A Oktoba 2021 darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan ɗaya. Kuma da me ya fara jawo hankalin duniya? Da gudu. Kafin Roadster da Model S, kowa kallon motar lantarki yake kamar keken guragu mai batir. Gudun ne ya sa masu kuɗi suka waiwayo. Wanda ya ga wannan gudun a 2013 ya yi irin lissafin Auta, yau ba ya cikin talakawa.

Hajiya Akanta:
Gaskiya ne gudu ya yi wa Tesla talla, ban musa ba. Amma duba abin da ya kawo kuɗin. A 2023 kamfanin ya miƙa motoci miliyan 1.8, kuma sama da 95 cikin kowace 100 Model 3 ne da Model Y, motocin kai yara makaranta. Plaid ɗin da ta je Jamus tana cikin ɗan ragowar. Abin da ya ceci Tesla shi ne ya koyi ƙera mota da yawa ba tare da asara ba, kuma a 2018 saura ƙiris wannan koyon ya kai shi ƙasa.

Sannan ka faɗa wa Auta ɗaya gefen. A 2022 kaɗai hannun jarin Tesla ya zubar da kusan kashi 65 cikin ɗari. Kuma kamfanin ba ya raba riba ga masu hannun jari, duk samunka yana kan wani ya zo ya saya a sama da yadda ka saya. Wanda ya shiga a ƙarshen 2021 ya buƙaci kuɗinsa a ƙarshen 2022, me za ka ce masa?

Mai Tesla:
Zan ce masa ya yi haƙuri ya riƙe. Wanda ya riƙe ai ya farfaɗo.

Baban Khalifa:
Ɗana, riƙewa sai mai abin riƙewa. Bari in ba ku nawa, tunda ni na taɓa wutar da hannuna.

A 2021 na sayi hannun jarin wani sabon kamfanin motar lantarki, ba zan kama suna ba. Bidiyo na gani, kamar yadda Auta ya gani. Kuɗin rufin gidana ne, an kai ginin linta, na ce bari in juya su wata shida in yi rufin da ya fi wanda na yi niyya. Kasuwar New York tana buɗewa da rana a agogonmu, wajen biyu da rabi ko uku da rabi gwargwadon lokacin shekara, ta rufe da dare. Sai na zama ina idar da La'asar hannuna na kan waya. Satin farko kore, na biyu kore, har na fara tambayar farashin kwano mai kauri. Daga nan ja ya fara. Kullum in ce gobe zai tashi. Damina ta zo ta same ni ba rufi, ruwa ya jiƙa bulo har wani ɓangaren katanga ya tsage. Ranar da na je na tsaya a cikin ɗakin da ya kamata ya zama na uwargida, ciyawa ta fito a tsakiyarsa har gwiwa, a ranar na sayar. Abin da ya dawo hannuna bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Motar kamfanin nan tana da kyau har gobe. Ban taɓa buɗe takardar kuɗinsu ba kafin in saya, ban san cewa duk motar da suka sayar asara suke yi a kanta ba.

Autan Gwammaja:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba. An yi rufin daga baya?

Baban Khalifa:
Amin. An yi, bayan shekara biyu, lokacin kwano ya ninka kuɗi.

Ɗan Damagaram:
Allah ya mayar. Kuma ba Baba kaɗai ba ne, shekarun nan sun ci mutane da yawa. Rivian, wani kamfanin motar lantarki na Amurka, ya shiga kasuwa a Nuwamba 2021 kan dala 78, cikin 'yan kwanaki darajarsa ta wuce ta Ford da ta General Motors, alhali motocin da ya miƙa ba su taka kara sun karya ba. A 2022 ya faɗi da sama da kashi 80. Lordstown ya durƙushe a 2023, Fisker a 2024. Mafi muni Nikola. Sun fitar da bidiyon babbar motarsu tana tafe a kan titi, daga baya ta bayyana cewa gangara aka kai ta aka sake ta, ba injinta ke jan ta ba. Kotu ta samu wanda ya kafa kamfanin, Trevor Milton, da laifin zamba a 2022, kamfanin kuma ya durƙushe a 2025. Akwai lokacin da a takarda Nikola ya fi Ford daraja. Dokin mai baki ya fi gudu.

Injiniya:
A nan zan kare Nürburgring kaɗan. Zagayen da ake sa wa a kundin filin ba irin bidiyon Nikola ba ne, akwai jami'in shaida da ke tabbatar da lokacin, ana kuma duba motar. Amma ko a nan sai ka karanta da kyau. Xiaomi ta kai motoci iri biyu. Akwai ta gwaji, wadda aka cire wa kujeru aka rage mata nauyi aka sa mata tayar tsere, ita ce ta yi 6:46 a 2024. Akwai kuma ta kasuwa mai 7:04. Mutane suna haɗa su a magana ɗaya. Sannan zagaye ɗaya ne tak, da ƙwararren direba, da sabuwar taya, da batirin da aka daidaita zafinsa kafin a tashi, a ranar da aka zaɓa.

Kuma kar mu ɗauka lantarki ta gama da fetur a tsere. Tarihin filin gaba ɗaya yana hannun Porsche 919 Hybrid Evo tun 2018, minti 5:19, ita kuwa fetur take sha tare da batir. Volkswagen ID.R mai lantarki zalla 6:05 ta yi a 2019. Inda lantarki ta yi sarauta shi ne hawan dutsen Pikes Peak a Amurka, inda ake ƙarewa a sama da mita 4,300. A can iska ta yi ƙaranci, injin fetur yana shaƙewa, ita kuwa ba ruwanta da iska. Romain Dumas ya hau da ID.R a 2018 cikin minti 7:57, ya karya tarihin kowa da kowa. Amma tseren awa 24 na Le Mans a Faransa har yanzu sai da tankin mai. Ko Formula E, tseren motocin lantarki zalla da aka fara a Beijin a 2014, shekarunta huɗu na farko direba sai ya sauka a tsakiyar tsere ya shiga wata motar, don batir ɗaya ba ya kai wa ƙarshe.

Oga Bakanike:
Injiniya, maganar zafin nan ita ce tawa. Ni ban taɓa zuwa Jamus ba, amma ina buɗe motocin nan masu haɗa fetur da batir a garejina. A watan Afrilu aka kawo mini wata, mai ita ya ce da rana in ya hau titi sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, da asuba kuwa lafiya lau. Na cire kujerar baya na buɗe fankar da ke hura wa batir iska. Ƙurar hunturu da zaren kafet sun haɗu sun toshe ta, na ciro shi dunƙule guda kamar auduga. Na wanke na mayar, mota ta dawo hayyacinta. To abin da suke gwadawa a filin can, shi muke fama da shi a nan kullum ba tare da tsere ba. In za a kawo mana motar lantarki, ni wadda ta iya sanyaya batirinta nake so, don haka ban raina agogon ba. Sai dai ko kwabo ba zan sa a kamfani saboda shi ba.

Mai Tesla:
To ku yi mini bayanin Ferrari. Tsere ne ya gina shi tun daga tushe. Dala 52 aka sayar da hannun jarinsa a New York a 2015, ya ninka sau da yawa. Ya ci Le Mans a 2023, 2024 da 2025. Ko shi ma filin tsere bai taimake shi ba?

Hajiya Akanta:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma na yarda Ferrari tsere na cikin jininsa. Amma duba yadda yake cin kuɗinsa. A 2024 motoci 13,752 kawai ya sayar, ya ci ribar da ta haura Yuro biliyan 1.5. Da gangan yake ƙera ƙasa da abin da ake nema, attajirai na layi suna jira. Tun 2008 rabonsa da kambun kamfanoni a Formula 1, duk da haka hannun jarin ya yi ta hawa. Ga Aston Martin a gefe, sunansa na kan motar Formula 1, an sayar da hannun jarinsa fam 19 a Landan a 2018, ya zubar da sama da kashi 90. Su biyun duk suna filin tsere. Bambancin yana cikin littafin kuɗi.

Wanda ya fi burge ni a harkar nan Warren Buffett ne da abokinsa Charlie Munger, manyan masu zuba jari na Amurka. A 2008 kamfaninsu ya sa kusan dala miliyan 230 a BYD, kamfanin batir da mota na China, lokacin da BYD ba shi da motar da za a kai filin tsere. Batir suka duba, da yadda kamfanin ke ƙera kusan komai nasa da kansa cikin rahusa. Ƙananan motoci masu araha ne suka kai BYD ga wuce Tesla a cinikin motar lantarki zalla a ƙarshen 2023. Ita Yangwang U9 Xtreme tasu, wadda ta yi gudun kilomita 496 a awa a 2025 ta kuma sauko ƙasa da minti 7 a Nürburgring, daga baya ta zo, bayan kuɗi sun taru. Guda 30 kawai za a ƙera.

Bajidde:
Daga nan Jidda ina biye da ku. Lucid, motar lantarki ta wani kamfanin Amurka, muna ganinta a titi, akwai masana'antar haɗa ta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah tun 2023, kuma asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ne ke da mafi yawan kamfanin. Na shiga ɗaya, mota ce ta gaske, ba hayaniya, sanyi kamar ɗakin otal. Amma kamfanin shekara da shekaru asara yake, asusun ne ke ƙara masa jini. Kuma duk sanda aka buga sabbin hannayen jari don a samu kuɗi, rabon ƙaramin mai jari sai ya ƙanƙance. Gwamnati na iya jira shekara ashirin. Auta ba zai iya ba.

Malam Na Bayan Layi:
Ku ba ni dama in sa baki ta fuskar da ba a taɓo ba. Sana'ar ƙera mota halal ce, amma wannan bai isa ba. Malaman da suka halatta sayen hannun jarin irin waɗannan kamfanoni sun sa sharuɗɗa. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain shi ne bashin kamfani mai kuɗin ruwa kar ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa ta hanyar da ba ta halatta ba kar ya wuce kashi 5, kuma wannan ɗan kason sai ka fitar da shi daga ribarka. Da yawa daga tsofaffin kamfanonin mota suna faɗuwa a wannan awon, domin suna da reshen ba da bashin sayen mota da ruwa. Akwai kuma malaman da ba su yarda da ko kaɗan ba. Auta, ka zauna da malamin da ka amince da shi.

Abu na biyu, ka tabbatar abin da manhajar da za ka sayi jarin ta cikinta ke sayar maka. Wasu hannun jarin ne na gaske da sunanka. Wasu kuwa caca ce kan farashi zai hau ko zai sauka, har su ranta maka ninkin kuɗinka. Wannan ka guje shi, ga kuɗin ruwa ga caca. In kuma ka saya da niyyar juyawa, zakka na kansa kamar sauran kayan kasuwa in ya kai nisabi shekara ta zagayo.

Ɗan Damagaram:
Ƙari a kan na Malam, Xiaomi a kasuwar Hong Kong yake, ba New York ba, kuma har yanzu waya da kayan gida ne mafi yawan cinikinsa. Sannan a ƙarshen Maris 2025 wata SU7 ta yi hatsari a lardin Anhui, mutum uku suka rasu, hannun jarin ya girgiza cikin kwana biyu. Labari ɗaya irin wannan ya fi zagayen Jamus motsa farashi.

Ku na Najeriya kuma kuna da lissafin naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta kai 1,500. Wasu sun ga kuɗinsu ya ƙaru a naira sun ɗauka iya zaɓe ne, alhali canji ne ya ɗaga su. Ka riƙa auna ribarka da dala.

Autan Gwammaja:
Na gode ƙwarai manyana. Maganar Baba ta tsaya mini a rai, don nawa kuɗin ma na aure ne nake tarawa. Kashi huɗu cikin biyar zan bar su inda suke. Ragowar ma ba zan taɓa ba sai na iya karanta takardar da Hajiya ke magana. Amma wallahi har yanzu ina ganin kamfanin da ya yi abin da Xiaomi ya yi cikin ɗan lokacin nan ba na wasa ba ne.

Mai Tesla:
A nan ina tare da kai. Ka sa musu ido, kar tsoro ya hana ka gaba ɗaya.

Hajiya Akanta:
Ba wanda ya ce na wasa ne. Kowane wata uku suna fitar da rahoto, kyauta ne a shafinsu, ɓangaren masu zuba jari. Ka nemo na ƙarshe. Ka duba motoci nawa suka miƙa, nawa ke saura a kan kowace mota bayan an cire kuɗin ƙera ta, sannan kuɗin da ke hannunsu da bashin da ke kansu. Ka ɗauki hoton shafin da ya raba cinikin mota da na waya ka turo nan. Ranar Asabar bayan Isha'i ina da sarari, sai mu bi shi layi-layi.

Autan Gwammaja:
In sha Allah Hajiya, yau zan sauke shi. Oga Bakanike, in an sake kawo irin motar nan ka kira ni, ina so in ga fankar da idona.

Oga Bakanike:
Akwai ɗaya a garejin yanzu haka, gobe da safe zan buɗe ta. Ka zo kafin rana ta yi zafi.